Kan Tabarma: Godiyar malamai ba ta buƙatar bashi

  

Ga shi Yuni ya kama. Lakwal da aka buɗe tun Oktoba ta zo gangara, yara na ta jarabawa, kuma a bakin rijiya da wurin niƙa magana ɗaya ce ke yawo: mi za a kai wa mushe, mi za a kai wa madam? Tambayar ba ta da laifi. Wanda ya yi wata tara yana fama da ɗiyanmu cikin alli da ƙura, wani ma a ɗakin zana, ya cancanci a ce masa sannu. Da yawansu ƴan kwantiragi ne, kuɗinsu ba yawa, wani lokaci ma sai sun yi jira. Sai dai kun san watan da ake rufe lakwal shi ne watan da rumbu ke yin ƙasa, hatsi ya hau, maigida na neman iri da taki. A nan ne kyauta ke iya komawa wahala.

Bari mu ba ku labarin abin da ya same mu shekara biyu da suka wuce, don shi ya sa muka canza dubara.

Ranar zubi, wata ƴar ƙungiyarmu ta nemi bashin jika 10. Ma'ajiyarmu ta tambaye ta kamar yadda doka ta ce: "Yaya, mi za ki yi da su?" Ta ce jarin ƙosai za ta ƙara. Muka ba ta. Ashe atamfa ta saya wa madam ɗin ɗiyarta, don ta ji maƙwabciya ta kai tata. Atamfa kuwa ba ta haihuwa. Da lokacin biya ya yi, sai da ta kai ɗan akuyarta kasuwa.

A wannan shekarar dai, ɗan wata gwauruwa a cikinmu ya ƙi zuwa lakwal ranar rufewa. Yaron shi ya zo na biyu a ajinsu. Ya ɓuya bayan rumbu har azahar, wai shi ba ya shiga hannu sake abokansa na riƙe da leda. Allah sarki! Ranar da ya kamata a kira sunansa a tafa masa, ita ce ranar da ya ji kunyar talaucin uwarsa.

Na uku, madam ɗin da kanta ta tako har gidan shugabarmu. Ta ce: "Inna, don Allah ku yi wa mata magana. Yarinyar nan da ƙoƙarinta ta wuce aji, amma yanzu ana cewa zane ne ya wuce da ita." Kun gani ko? Kyauta guda, ta bar uwa da bashi, ta bar yaro da kunya, ta taɓa sunan malama da na yarinya. Wa ya ci riba?

Sai muka zauna muka yanke shawara huɗu, muka rubuta su a bayan littafin zubi.

Ta farko, ba a ɗaukar bashin asusu don kyautar malami. Asusu na jari ne da na rashin lafiya da na larura.

Ta biyu, kyauta guda ce da sunan uwaye duka, har da waɗanda ba su cikin ƙungiya. Ba a rubuta wa ta kawo mi. Mai gyaɗa ta kawo gyaɗa, mai itace ta kawo itace, wadda ba ta da komi ta kawo hannunta wurin daka da suya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ta uku, ba a miƙa komi sai an ba yara sakamako. Abin da aka bayar kafin sakamako, ko da zuciya ɗaya aka bayar, mutane toshiyar baki za su kira shi. Wanda aka bayar bayan sakamako kuwa sunansa godiya.

Ta huɗu, kowane malami kason sa daidai da na ɗan uwansa, kuma gardin lakwal yana ciki. Kafin ranar, mukan aika mata biyu su sanar da darekta da ƙungiyar uwayen ƴan lakwal, don kada abin ya zo musu kamar daga sama.

To mi muke bayarwa? Abin da hannunmu ya iya. Tun kaka, lokacin da gyaɗa ke araha, kowace mace takan aje gwangwani biyu ko uku a wurin ma'ajiya. Bara mun tara tiya 8 ta ɓararriyar gyaɗa. Muka soya, muka kai niƙa, muka matse, muka samu mai wajen lita 5 da ƙuli-ƙuli roba biyu. Malamai 6 da gardi, kowa ya samu rabin lita na mai, da ƙullin ƙuli, da kwalbar yaji, da sabulu guda cikin wanda muke haɗawa. Sauran man ya tafi wurin girkin walima. Kuɗin da kowace ta fitar daga bakin zanenta sefa 200 ne, wato dala 40, na wake da albasa da kayan yaji.

Mun lura da wani abu: yawancin malamanmu baƙi ne, ana rufe lakwal mota za su shiga su tafi garinsu. Don haka a ba su abin da zai jure tafiya, wanda za su sauke gaban uwayensu a matsayin tsaraba. Mai da ƙuli da yaji da busasshen zogale da kantun riɗi da turaren wuta duk suna jure hanya. Ƴan uwanmu na Tawa kuna da cuku, na Damagaram kuna da alkaki, masu saƙa kuna da faifai da mafici. Dafaffen abinci kuwa a ci shi nan take, ba kyautar tafiya ba ne.

Hattara biyu a kan gyaɗa. Ku zauna ku tsince ta da kyau, duk wadda ta yi funfuna ko ta yi baƙi ko ta yanƙwane a zubar, kada a ba yara. Funfunar gyaɗa na da dafin da ke cutar hanta, kuma suya ba ta kashe shi. Sannan kwalbar mai a wanke ta da sabulu, a kife ta a rana har ta bushe ƙayau, don ɗigon ruwa na ɓata mai. Kwalba ko bido da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko fetur a ciki, ko an wanke sau goma, ba ta shiga harkar abinci.

Amma abin da ya fi taɓa malamai ba mai ba ne. Mu da muka yi karatun yaƙi da jahilci muka rubuta wa kowane malami takardar godiya da Hausa, da hannunmu, layi biyar ko shida, muka faɗi abu guda da ya yi wanda ba mu manta ba. Wani mushe mun tuna masa ranar da ya goyo yaro mai zazzaɓi a babur har likita. Yaran ajin suka sa sunayensu a ƙasa, dukansu. Da aka karanta masa, sai da ya cire madubin idonsa ya share. Ya ce: "Uwayena, man zai ƙare, amma wannan takarda tana cikin jakata har in bar aiki." Takardar nan ko dala ba ta ci ba.

Yanzu sai maganar walima. Yara sun fi ɗari, nama ba ya isa, kuma ba mu da niyyar yanka abin da ba mu da shi. Dubarar ita ce abin dangwalawa. Idan dangwale ya yi daɗi, dafaffen rogo ma sai ya zama abincin biki. Mukan dafa rogo da dankali, mu soya ƙosai da masa, mu yanka burodi ƙanana, sannan mu jera dangwale iri uku ko huɗu. Ga yadda muke yin su.

Na farko, yajin ƙuli da mai. Garin ƙuli kofin shayi 2, busasshen tonka cokali 1, citta cokali 1, kanumfari ƙwaya 5, masoro kaɗan, gishiri da dunƙule 2. A daka, a tankaɗe. Ranar walima sai a zuba man gyaɗa ana juyawa har ya yi kaurin kunu. Na yara a rage tonka, a raba musu nasu daban. Shi ne ba ya tsoron zafi, kuma busasshensa ne muke zubawa a kwalba cikin kyautar malamai. Aiki ɗaya, amfani biyu.

Na biyu, tigadege da tsamiya. A jiƙa tsamiya cikin tafasasshen ruwa, a tace. A zuba tigadege ludayi 2 a tukunya, a riƙa zuba ruwan tsamiyar kaɗan-kaɗan ana damawa. Da farko za ku ga ya cure ya yi tauri, kada ku tsorata ku ce ya ɓaci, haka gyaɗa ke yi idan ta ji ruwa. Ku ci gaba da zubawa, zai saki. A sa dakakkiyar tafarnuwa ƙwaya 3, gishiri, tonka kaɗan da sukari rabin cokali don ya kashe kaifin tsami. A aza a wuta minti 5 ana juyawa kada ya kama. Yana tafiya da burodi da karas da kokombur, kuma abin da ya rage a kwaɗa zogale da shi da marece.

Na uku, albasa mai laushi. Manyan albasa 10, in an samu ta Galmi ta fi, a yanka su sirara. A zuba mai ludayi 1, a sa albasar da ɗan gishiri, a rage wuta. Nan haƙuri ake so, wajen rabin awa ana juyawa jefi-jefi har ta narke ta yi ja, zaƙinta ya fito. Mai gaggawa ƙona ta za ta yi, ta yi ɗaci. Sannan a zuba jiƙaƙƙiyar kauɗa da aka daka da tattasai da ɗan daddawa, a bar shi ya soyu har mai ya taso. Bayan an sauke a matsa lemun tsami guda. Wannan shi ne abokin masa da ƙosai, kuma shi ke fara ƙarewa.

Na huɗu, kindirmo da kokombur. A zuba kindirmo a farin ƙyalle mai tsabta, a rataya ruwan ya tsane har ya yi kauri. A gurza kokombur, a matse ruwansa, a haɗa da tafarnuwa ƙwaya 1, na'ana'a da gishiri. Yana sanyaya baki bayan yaji. Amma ku ji da kyau: sai kindirmon da aka dafa madararsa kafin a ɗaura, a haɗa shi daf da ci, a aza kwanon cikin ƙanƙara, kuma kada ya wuce awa ɗaya a waje cikin wannan zafi. Inda babu ƙanƙara, ku bar shi, ukun farko sun isa. Haka ma mayonez, kada a bar ta a rana. Ba ma so a ce yara sun kwana da gudawa saboda walimar uwaye.

Wurin rabo ma akwai dubara. Kada a aje babban kwano guda yara hamsin su yi ta cusa hannu. A raba ƙananan kwanoni, yara biyar ko shida ga kwano, ko a zuba wa kowa nasa da cokali a gefen abincinsa. A tsayar da mace biyu a bakin ƙofa da buta da sabulu, ba mai zama sai ya wanke hannu. Ƙanana su fara ci, don in aka saki manya, ƴan ajin farko sai dai su lashi kwano. Kuma a tambayi uwaye tun da wuri ko akwai yaron da gyaɗa ba ta karɓe shi ba.

Bara, yaron nan da ya ɓuya bayan rumbu shi muka ba kwandon kyauta ya miƙa wa darekta da sunan yara duka. Uwarsa ce ta soya ƙulin, kowa ya san ba mai hannunta a unguwa, amma ba wanda ya tambaya nawa ta bayar. Ita kuwa mai atamfa, yanzu ita ce ke riƙe da littafin gyaɗar kaka, kuma ta mayar da akuyarta.

Kada mu manta da malaman da ba su da ranar rufe lakwal. Malamin allo da ke tashi da ɗiyanmu tun asuba, ban da kuɗin Laraba ya cancanci kwalbar mai. Malamar da ta koya mana riƙe alƙalami muna da furfura, ita ma haka. Yaba kyauta tukuici, in ji Hausawa, kuma su ne suka fara yi mana kyauta.

Wadda ba ta aje gyaɗa ba bana, kada ta damu. Ku haɗu ku yi yaji da takardar godiya, ya wadatar. In Allah ya kai mu kaka, sai ku fara tara gwangwaninku. Ƙungiyar da ke da wani dangwale da ba mu sani ba, ko wata kyauta ta hannu da malamai suka ji daɗinta, ku rubuto mana, ko ku ba wakiliyarku saƙo, mu buga a fitowa ta gaba don kowa ya amfana.

Allah ya ba ɗiyanmu sa'ar jarabawa, ya saka wa malamansu da alheri, ya kai matafiya gida lafiya. Sai mun sake haɗuwa kan tabarma.