Ɗakin da Ake Daidaita Kasafi: Ina Rabon Kogin Haɗejiya?

Duk shekara idan shugaban ƙasa ya shiga zauren Majalisar Tarayya ya rusuna ya ajiye kundin kasafin kuɗi, 'yan majalisa suka miƙe suna tafi, sai gidajen rediyo su cika mana kunne da tiriliyan kaza da biliyan kaza. Da yawa daga cikin 'yan uwa suna ɗauka a ranar aka gama magana. To, ba haka abin yake ba. Abin da aka ajiye ran nan buƙata ce kawai. Kasafin da zai ce ko za a yashe kogin Haɗejiya, ko kuwa a bar kachala ta ci gaba da shaƙe shi, ana rubuta shi ne makonni bayan nan, a hannun wasu 'yan tsiraru, da sunan daidaita aikin majalisun biyu.

Ga yadda abin yake tafiya. Majalisar Dattawa tana da mutum 109, ta Wakilai tana da 360. Kowace za ta yi wa ƙudurin karatu na ɗaya da na biyu, sannan ta miƙa shi ga kwamitinta na kasafi. Shi kuma sai ya yayyanka shi ya raba wa ƙananan kwamitoci, na ruwa, na noma, na lafiya da sauransu, su kira ministoci da shugabannin hukumomi su zo su kare abin da suka nema. A nan ake fara ragi da ƙari. Tun da kuwa majalisu biyu ne, kowace da nata son ran, dole lissafi ya saɓa. Shugaban ƙasa kuma ba ya rattaba hannu a kan takarda biyu. Sai an mayar da su ɗaya, ba bambancin ko kwabo.

Kundin tsarin mulki na 1999 ya tanadi hanyar yin haka a sashe na 59. Idan majalisa ɗaya ta zartar da kasafi, ɗayar ba ta zartar ba har aka ci wata biyu cikin shekarar kuɗi, wajibi ne Shugaban Majalisar Dattawa ya kira taron kwamitin haɗin gwiwa kan kuɗi cikin kwana 14. A wannan kwamiti kowace majalisa tana kawo adadin mutane daidai da na 'yar uwarta. In kwamitin ya kasa sasantawa, sai majalisun biyu su zauna wuri guda a kaɗa ƙuri'a, a nan kuwa kowa ya san wakilai 360 za su danne dattawa 109. In an kai wa shugaban ƙasa ya ƙi sa hannu har kwana 30, sai a sake zaman haɗin gwiwa, idan kashi biyu cikin uku suka amince ya zama doka ko ba da hannunsa ba.

Wannan shi ne abin da ke rubuce. A aikace da wuya a kai ga haka. Shugabannin kwamitocin kasafi na majalisun biyu da jagororin majalisa su ne suke haɗuwa tun kafin a kawo rahoto zaure, su daidaita alƙaluma a tsakaninsu. Ranar zartarwa sai a karanta jimillar kuɗi, a ce masu goyon baya su ce "eh", a buga guduma, sau da yawa majalisun biyu a rana guda. Dalla-dallan ayyukan, wato wane gari, wace madatsa, naira nawa, suna cikin kundi mai ɗaruruwan shafuka wanda ba mai iya karance shi a zaman yini ɗaya. A 2016 har sai da Shugaba Buhari ya ƙi sa hannu saboda an aika masa jimilla ba tare da dalla-dallan ba, ba a rattaba hannu ba sai 6 ga watan Mayu.

Haɗarin barin dukiyar al'umma a hannun kwamiti ba yau aka san shi ba. A 1981, zamanin Shagari, majalisun biyu suka saɓa a kan dokar rabon arzikin ƙasa. Kwamitin haɗin gwiwa ya zauna ya yanke, aka wuce da abin da ya yanke kai tsaye wajen shugaban ƙasa ya sa hannu, ba a komar da shi gaban majalisun ba. Gwamnatin jihar Bendel ta Ambrose Alli ta kai ƙara, Kotun Ƙoli ta rushe dokar, ta nuna cewa kwamiti ba majalisa ba ne. Yau ana komar da rahoton zaure kam, an cika sharaɗi. Amma mene ne bambancin wanda ba a tambaye shi ba da wanda aka sa ya ce "eh" a kan abin da bai gani ba?

Ba mu muka ƙirƙiro wannan zance ba, su da kansu suka fasa ƙwai. A 2016 Abdulmumin Jibrin, wakilin Kiru da Bebeji, wanda shi ne ya shugabanci kwamitin kasafi na Majalisar Wakilai, ya zargi kakakin majalisa Yakubu Dogara da wasu jagorori da yin cushe. Sun musanta, aka dakatar da shi zama 180. A watan Yunin 2018 Buhari ya faɗa da bakinsa cewa 'yan majalisa sun zabtare naira biliyan 347 daga ayyuka 4,700 da gwamnati ta kawo, suka cusa nasu guda 6,403 na biliyan 578, ya kuma sa hannu a hakan. A watan Maris na 2024 Sanata Abdul Ningi na Bauchi ta Tsakiya ya gaya wa sashen Hausa na BBC cewa akwai tiriliyan 3.7 da ba a ga ayyukan da aka jingina su da su ba. Fadar shugaban ƙasa da majalisa suka ƙaryata, aka dakatar da shi wata uku. Kasafin 2025 kuwa, wanda ya ƙare a tiriliyan 54.99, ƙungiyar BudgIT mai bin diddigin kasafi ta ce ta ƙirga ayyuka 11,122 da aka cusa, na tiriliyan 6.93, a ciki har da ayyukan fitilun kan titi 1,477.

Fitilun kan titi, 'yan uwa! Mu da ruwa ke ci.

Domin kuwa matsalar ƙasar Haɗejiya ba ɓoyayya ba ce. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin nan ta canza. Ruwan da a da yake zuwa da damina ya janye da rani, yanzu yana kwance duk shekara a wurare da dama, kachala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, yashi ya taru. Manomin shinkafa a Auyo da Kafin Hausa, da masunci a Guri da Kirikasamma, kowa ya san abin da ya biyo baya: wani wuri ruwa ya yi yawa ya cinye gona, wani wuri ya ƙi zuwa sam. A 2020 da 2022 samarin Haɗejiya ne suka kwana suna ɗura ƙasa a buhu suna tare jinga don kada ruwa ya shigo gari. Yashe kogi da gina jinga mai ƙarfi aiki ne na biliyoyi da shekaru, ya ratsa ƙananan hukumomi da jihohi, ba na mazaɓar mutum ɗaya ba ne. Irin wannan aikin shi ne maraya a ɗakin daidaitawa. Ba wanda zai kafa allo da sunansa a tsakiyar kogi. Amma babur ashirin da keken ɗinki hamsin da fitila mai aiki da hasken rana, waɗannan ana raba su a filin taro da makaɗa da maroƙa. Don haka idan aka zo neman inda za a yanko kuɗin cushe, babban aiki ake yanka, a farfasa shi ya koma ƙanana. Ku dubi aikin noman rani na kwarin Haɗejiya da ke Auyo, wanda aka faro tun zamanin Shagari, sai a watan Janairun 2023 Buhari ya zo ya buɗe shi bayan an gyara an faɗaɗa, shi ma da rancen Bankin Duniya.

Ba muna cewa haramun ne majalisa ta taɓa kasafi ba. In ba ta da ikon gyara, to zamanta ba shi da amfani, kuma ma'aikatan Abuja da suke rubuta daftarin farko su ma ba mala'iku ba ne, wataƙila wani cikinsu bai taɓa jin sunan Birniwa ba. Abin da muke ƙi shi ne gyara a ɓoye, wanda ba a san wanda ya kawo shi ba, ba a kuma san abin da aka cire don a sa shi ba. Ko a Amurka, inda aka kwaikwayo wannan tsari na shugaba mai cikakken iko a 1979, suna da wata hanya ta musamman tun 1974 da suke zartar da dokokin haraji da kashe kuɗi da ƙaramin rinjaye a majalisar dattawansu, maimakon ƙuri'a 60 cikin 100. Da suka ga ana fakewa da ita ana cusa abin da bai shafi kuɗi ba, sai a 1985 suka kafa ƙa'idar Sanata Byrd, wadda ta ba kowane sanata damar miƙewa ya nemi a fitar da cushen. Ba don tsoron Allah suka yi ba, don tsoron juna ne, amma dai an yi a fili.

Masarautar Haɗejiya mai ƙananan hukumomi takwas tana da sanata ɗaya da wakilai uku, mutum huɗu ke nan cikin 469. Ba su da yawan da za su juya ƙuri'a, amma suna da bakin da za su gaya mana abin da ya faru, kuma muna da haƙƙin tambaya. Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya yana sanya daftarin da shugaban ƙasa ya kai da dokar da aka sa wa hannu a intanet. Duk ɗan uwan da ya yi sakandare yana da waya zai iya buɗe biyun, ya nemo Ma'aikatar Albarkatun Ruwa, ya gangaro kan Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, ya jera su layi da layi. Abin da yake a na farko babu shi a na biyu, an cire ke nan. Abin da ya ɓullo a na biyu, a majalisa aka sa shi. A rubuta, a fassara da Hausa, a karanta wa dattawa da manoma a majalisun unguwa.

Sannan a sani, shigar aiki cikin kasafi daban, sakin kuɗinsa daban. Ayyukan kasafin 2024 sai da aka yi ta ƙara musu wa'adi har zuwa ƙarshen 2025. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon rubuta wa hukuma ya tambayi nawa aka saki, wa aka ba kwangila, ta kuma wajabta amsa cikin kwana bakwai. Hukumar ICPC ma tun 2019 take bin sawun ayyukan mazaɓu tana karɓar ƙorafi. Lokacin rubuta waɗannan takardu shi ne da rani, sa'ad da kogi ya ja baya ana iya shiga da injin yashe shi, tun kafin watan Agusta ya zo a koma neman buhu.