Wa Ya Karanta Littafin Kafin a Ce Mu Saya?



Duk farkon shekarar karatu akan ba mu jerin littattafai mu kai gida, iyaye su ciro kuɗin guminsu su sayo. Na Turanci ne kan gaba, domin babu shiga jami'a sai da kiredit a Turanci a WAEC ko NECO, a JAMB ma darasi ne na dole. Tambayata ita ce: kafin sunan littafi ya hau wannan jeri, wa ya zauna ya karanta shi daga bango zuwa bango?

Littafin Turanci ba nahawu kaɗai yake koyarwa ba. Kowane labari da ke ciki yana ɗauke da rayuwar wasu mutane: sunayensu, abincinsu, suturarsu, da yadda ɗa yake magana da mahaifinsa. Idan yaron da ke aji ɗaya ya yi ta karanta labarin shagalin da ake shan giya, ko na yarinyar da ta yi wa uwarta tsawa aka yaba mata, a hankali abin zai daina ba shi mamaki. Akwai kuma wahalar fahimta. Ɗalibin da bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, aka ce ya amsa tambayoyi a kanta, yaƙi biyu yake yi: da harshe, da kuma baƙuwar rayuwa.

A shekarar 2023 gwamnatin Jihar Kano ta hana amfani da wasu littattafai a makarantu, ciki har da Queen Primer, tsohon littafin koyon karatu da ya samo asali daga Ingila. Abin da ya tayar da ƙura kalma ce wadda a Turancin da take nufin farin ciki, amma yau ma'anarta ta koma ga abin da addininmu ya haramta. Littafin ya daɗe a hannun ƙananan yara kafin a farga. Da akwai masu dubawa tun farko, da ba a kai ga kwashe littattafai bayan iyaye sun riga sun biya ba. Rigakafi ya fi magani.

Amma kada mu wuce gona da iri. Ba cewa nake a yage duk shafin da aka ambaci John ko Ngozi ba. Ƙasa ɗaya muke da su, jarrabawa ɗaya muke zama, kuma wasunmu gobe a Legas ko Inugu za su yi hidimar ƙasa. Manzon Allah (SAW) da kansa ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙunsu. Littafin da ya sanar da mu yadda wasu suke rayuwa daban yake da wanda yake ƙawata mana haram ko yake yi wa hijabi da salla ba'a. Haka kuma littafin da ya cika da Musa da A'isha amma Turancinsa gurgu ne, cuta ce wata. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Abin farin ciki, ba mu rasa namu ba. Zaynab Alkali ta rubuta The Stillborn a 1984. Abubakar Gimba na Neja ya bar mana Witnesses to Tears. Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna, ya gina The Passport of Mallam Ilia da Burning Grass a kan rayuwar Arewa. Shaihu Umar na Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa an fassara shi zuwa Turanci. Ko JAMB ta sa yaran ƙasar nan baki ɗaya sun karanta The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli. Me zai hana irin waɗannan su cika ɗakin karatunmu?

Don haka, da girmamawa, ina roƙon hukumar makaranta abu uku. Na ɗaya, a kafa ƙaramin kwamiti na malaman Turanci da malamin addini da wakilin iyaye, su karanta kowane littafi har da hotunansa kafin a amince da shi. Na biyu, a tabbata ya bi manhajar NERDC, kuma ingancinsa ne ya kawo shi, ba daɗin bakin dillali ba. Na uku, idan labari ya zo da al'adar da ba tamu ba, malam ya tsaya a tattauna a aji, kada a tsallake shafin. Shafin da aka tsallake shi ɗalibi zai fara karantawa a gida.

Mu kuma ɗalibai, idan mun ga abin da bai dace ba, mu kai wa malam cikin ladabi. Kada mu fake da tarbiyya mu guje wa karatu, domin ranar jarrabawa wannan uzuri ba zai ba mu maki ko ɗaya ba.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta