Mai Kare, Me Kake Jefa Masa?

Akwai maganar da muke yi a Maraɗi wadda ya kamata mu ji kunyarta: "Ai kare ne, kome ka ba shi zai ci." Da ita muke fakewa mu sauke wa kanmu nauyin dabbar da ke kwana ido biyu a ƙofar gida don mu samu barci. Mai garka a Jiratawa yana da karen da ke tsare masa zogale da injin ban ruwa. Mafarauci a ƙauyukan Tibiri yana da nasa masu bin zomo idan an kawar da amfanin gona. A sababbin gidajen Zariya da Ali Ɗan Sofo kuwa, manyan karnukan waje ake ajiyewa, waɗanda aka saya da kuɗi masu kauri. Kowa yana cin moriyar karensa, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa su dubi abin da ke shiga bakinsa. Wannan sakaci ne, kuma a wuyanmu yake.

An sayo gasasshiyar kaza ko zabo da dare, an naɗo a takardar siminti da yaji da albasa. An ci an ƙoshi. Sai mai gida ya dunƙule takardar da abin da ya rage, ƙasusuwan cinya da na fiffike, wani lokaci har da tsinken tsire, ya wurga wa kare ya shige ɗaki, a ransa ya yi alheri. Ƙashin da wuta ta ci ya riga ya bushe. Idan kare ya gatsa shi ba ya niƙewa, tsagewa yake yi ya fito da tsini. Wani guntun ya kan gitta a saman baki tsakanin haƙora, ya ƙi fita. Wani ya tsaya a maƙogwaro. Wanda ya wuce kuma yana iya huda hanji, ƙazanta ta zubo cikin ciki, ko gutsattsarin su taru su toshe hanya, kare ya yi ta yunƙurin kashi ba abin da ke fita sai jini. Ya daina cin abinci, ya nemi inuwa ya lafe, ciki ya kumbura. Ranar da aka tarar da shi a sandare, mai gida ba zai tuna takardar simintin da ya jefa ba. Maƙwabci zai zarga da sa masa guba, kuma an sha ɓata zumunci a kan haka.

Bayan layya abin ya fi muni. Ƙaho, kofato, ƙashin ƙafar sa, duk a tura wa kare ya yi ta gwagwiya. Babban kare haƙora 42 gare shi, kuma wanda ya karye ba ya sake tsirowa. Babban haƙorin sama na baya, wanda yake yanka nama da shi, shi ne ya fi tsagewa a kan abu mai tauri. Jijiya ta buɗe, ruwa ya taru, har fuska ta kumbura a ƙarƙashin ido. Kare ba ya kai ƙara. Zai koma tauna da gefe ɗaya, ya fara gurnani idan yaro ya taɓa masa kai, mu kuma mu ce ya yi mugun hali.

Masu hali za su ce wannan ba da su ake ba, su nasu daga kanti yake, a leda, da hoton kare mai fararen haƙora. Alhaji, kai ma da kai nake. Waɗannan abubuwan tauna da ake tahowa da su a jaka daga Yamai ko Kano ko Turai, ana sayar da su ne a matsayin asuwakin kare, kuma a ƙasashen da ake yin su an daɗe ana rigima a kansu. A 2006 gidan talabijin na CNN ya binciko karnuka 40 a Amurka waɗanda abin tauna mai suna Greenies ya maƙale musu a maƙogwaro ko a hanji, 13 daga ciki suka mutu. Kamfanin da ke yin sa ya ce abinsa lafiya lau yake muddin an ba kare wanda ya dace da girmansa kuma ya tauna shi sosai. Duk da haka, bayan kamfanin Mars ya saye shi a wannan shekarar, sai da aka sake haɗin domin ya riƙa narkewa da sauri a ciki. A 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi a kan ƙasusuwan da ake gasawa a busar a sa a leda don karnuka. Rahotannin da ta samu sun shafi karnuka wajen 90, kusan 15 sun mutu. Ƙashin kanti da na mai tsire ɓarnarsu ɗaya.

Ba na cewa a hana kare tauna. Yana buƙatarta, kuma yawancin karnukan da suka wuce shekara uku suna da ciwon dasashi, shi ne warin bakin da muke ɗauka halitta ce. Akwai abubuwan tauna da aka gwada aka tabbatar suna rage dattin da ke daskarewa a gindin haƙori, har wata majalisar likitocin haƙoran dabbobi, VOHC, tana sa musu hatimi. Amma ko waɗannan, masu yin su sun rubuta sharaɗi a jikin leda: a zaɓi girman da ya yi daidai da nauyin kare, a tsaya a kansa har ya gama, a ajiye masa ruwa. Wa ke karanta wannan a gidajenmu? Ana miƙa wa mai gadi ledar ne, rubutun kuma da Turanci ko Jamusanci, a ce ya riƙa ba shi. Mai gadi ya jefa masa ya koma bakin ƙofa. Karen da ya yini a ɗaure da yunwa ba taunawa yake yi ba, haɗiyewa yake yi.

Mu mutanen Maraɗi ba a yi mana bayanin fata. Fatar jar akuyarmu ta yi suna har ƙasashen waje, kuma yaron da ya tashi kusa da majema ya san yadda ɗanyen ƙirgi yake idan ya sha ruwa: ya yi laushi, ya kumbura, ya yi yauƙi. To farin abin nan mai ƙulli biyu da ake sayarwa a siffar ƙashi, ƙirgi ne ba wani abu ba, an kankare shi an wanke da magunguna an busar. Idan kare ya jiƙa shi da yawu ya yage babban yanki ya haɗiye, a cikinsa zai ƙarasa kumburin, kuma ba ya narkewa da wuri. Maganinsa sau da yawa sai an tsaga ciki. Kafin ka ba shi, ka tambayi kanka ko ka san wanda zai yi wa karenka tiyata da tsakar dare a garin nan, da abin da za ka biya. Wasu ledojin ma busasshen kunnen alade ne a ciki. A 2019 irinsu sun sa mutum 154 ciwon gudawa da zazzaɓi a jihohi 34 na Amurka, ta hanyar taɓa su ko taɓa karen da ya ci. Musulmi ya shigo da wannan gidansa, ƴaƴansa na wasa da shi a tsakar gida, don kawai bai tambaya ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ya wuce lafiyar kare, ya shafi rayukan yaranmu. Karen da ƙashi ya maƙale wa yakan buɗe baki yana dalala, ya kasa haɗiya. Karen da ciwon hauka ya kama ma haka yake yi. Ba kowane mahaukacin kare ke gudu yana cizon jama'a ba. Akwai wanda cutar ke shanye wa muƙamuƙi da maƙogwaro, ya zauna shiru baki a sake, yawu na zuba. A gidan da aka saba jefa wa kare ƙashi, abin da zai fara zuwa ran mai gida shi ne ƙashi ya shaƙe shi. Sai ya ce wa ɗansa, "Riƙe mini kansa," ya cusa yatsu cikin bakin. Ƙwayar cutar a yawu take, ƴar ƙujewa a yatsa ta ishe ta ƙofa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum wajen 59,000 duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15, kuma kusan duka daga kare suke ɗauka. Da zarar alamunta sun bayyana ga mutum, da wuya ya tashi. A ɗaya gefen kuma, karen da ba abin da ke damunsa sai ƙashin da ubangidansa ya ba shi, samarin unguwa su taru su kashe shi da duwatsu a kan mahaukaci ne.

Mutum ya kashe jikkuna a kan ledar tauna, amma ka tambaye shi takardar allurar rigakafin karensa ya rasa amsa. Idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Ma'aikatan kiwo suna nan a Maraɗi da Tibiri, ba sai ranar 28 ga Satumba da ake gangamin yaƙi da cutar za a tuna da su ba.

Kada kuma kowa ya fake da addini. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, kuma shari'a ta halatta ajiye shi don farauta da tsaron gona da dabbobi. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo wa kare mai ƙishirwa ruwa, Allah Ya gafarta masa saboda haka. Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski.

Dafaffen ƙashi da gasasshe, a binne su ko a ƙone. Duk abin da farcen babban yatsanka ba zai iya lotsa shi ba, ya fi ƙarfin haƙorin kare. Abin kanti kuwa, in ba ka san da me aka yi shi ba kada ya shigo gidanka, in ka ba shi ka zauna har ya gama, guntun ƙarshe ka ɗauke. Idan ka ga kare baki a buɗe yawu na zuba, ka janye yara, ka rufe shi a wuri guda, ka kira likitan dabbobi, hannunka kada ya kusanci bakinsa. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a kai shi likita a ranar, ba gobe ba. Wanda ya ga wannan ya yi masa yawa, ya ba da karen ga mai iya riƙe shi, ya sayi kwaɗo ya sa wa ƙofarsa.