Kunun jinjiri yana son mai

A Cadakori, cikin yankin Gidan Runji, manoma suna noma hatsi da wake da gujiya. Mata suna matse man gujiya, su toya ƙuli-ƙuli, su kai kasuwa. Amma a gidaje da yawa, kunun da ake dama wa jinjiri hatsi ne da ruwa kurum. Wannan ba daidai ba ne.

Daga haihuwa zuwa wata 6, nonon uwa kaɗai ya ishi jinjiri. Kusan rabin ƙarfin da nono yake ba shi, daga man da ke cikin nonon yake fitowa. Bayan wata 6 sai a fara ba shi kunu, yana ci gaba da shan nono har shekara 2. To, tumbin jinjiri ƙarami ne. Kunu mai ruwa-ruwa yana cika shi, amma ba ya gina jiki. Cokali guda na mai ya fi cokali biyu na gari ba da ƙarfi.

Kuma mai ba iri ɗaya ba ne. Akwai iri biyu da jiki ba ya iya yi da kansa, sai an ci su. Likitoci suna kiran su omega-6 da omega-3. Na farko yana da yawa cikin man gujiya da riɗi. Na biyu, wanda ƙwaƙwalwa da ido suke bukata, ya yi ƙaranci cikin gujiya. A kifi da nonon uwa ake samun sa. Saboda haka mai shayarwa ta ci kifi, jinjiri kuma a daka masa busasshen kifi, a tsince ƙaya, a zuba cikin abincinsa.

Wasu suna cewa mai na sayarwa ne, kifi kuma na manya ne. Sai su tuna da yunwar shekarar 2005. Dubban yara masu tamowa aka yi wa magani a jihar Maraɗi da wani abinci na niƙaƙƙiyar gujiya da madara da mai da sukari. Ashe abin da ke ceton yaro a likita, asalinsa yana cikin rumbu.

Ƴan makaranta su ne masu goyon ƙanne. Ya kamata su kai wannan magana gida: kafin a kai mai kasuwa, a cire cokalin jinjiri. Rigakafi ya fi magani.