Wanda ya ce kada a yi yaƙi, wane suna ya samu?

Ranar 30 ga Yuli 2023, kwana huɗu bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Bazoum, ƙungiyar CEDEAO ta ba su mako guda su maido shi, in ba haka ba tana iya yin amfani da ƙarfi. Yaƙin bai zo ba, alhamdulillahi. Amma sunayen da aka laƙaba wa mutane a lokacin har yau suna yawo a fada da WhatsApp.

Turawa kan kira mai son a kai hari shaho, mai son sulhu kuma kurciya. Namu sunayen sun fi haka zafi. A Najeriya, wanda ya ce kada a aika soja sai wasu su ce ɗan goyon bayan juyin mulki ne. To ai majalisar dattawan ƙasar, da ta ƙi batun soja ranar 5 ga Agusta, a zaman nan ta yi tir da juyin mulkin. Malaman da Sheikh Bala Lau ya jagoranta zuwa Yamai ma neman sulhu ya kawo su, sun san harsashin da aka harba Maraɗi, a Katsina za a yi zaman makokinsa.

A nan gida kuwa abin ya juya. Wanda ya ce a zauna da CEDEAO don a buɗe iyaka, a maido wutar da Najeriya ta yanke, nan take ya zama ɗan koren Faransa ko maci amanar ƙasa, ko da kuwa ɗan kasuwa ne da kayansa suka maƙale a Dan Issa. Sunan ɗan kishin ƙasa, gaskiya, sau da yawa wanda ya fi ɗaga murya ne ke ɗauke shi.

Jama'a, tambaya biyu ce aka cuɗe wuri guda: wa ya dace ya mulki Nijar, da kuma ko a zubar da jini a kan haka. Mutum na iya ƙin juyin mulki, ya kuma ƙi yaƙi. Ƴan uwanmu na Tawa da ke cin rani a Abijan sun fi kowa sanin haka. Ouattara ya yi alkawarin ba da bataliya, su kuma iyayensu na nan ƙauye. Can ana musu kallon ƴan soja, in sun kira gida sun ce a yi sulhu, a ce kuɗin Kodibuwa ne ke magana.