Kafin Ka Biya Kuɗin Jar Motar Nan, Leƙa Ƙarƙashinta



Ranar wata Juma'a muna fitowa daga Masallacin Koudoukou, a nan unguwarmu ta Kilomita Biyar a Bangui, ɗan yayana ya riƙe mini hannu, ya ce: "Baffa, zo ka sa albarka." Ya ja ni bakin titi inda samari suka kewaye wata jar mota. Ƙirar Jamus ce, ƙofa biyu, kujera biyu, irin ta masu son gudu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Dillali ya ce miliyan 6 na sefa, an ja an sauko 5. Kuɗin nan kuwa shekara huɗu yaron yana tara su a shagon atamfa, kuma da su muka shirya zai yi odar kaya daga Duwala, ya kai lefe bayan Sallah.

Na ce albarka sai gobe bayan asuba, da sharaɗin motar ta kwana a wurin, kada kowa ya tayar da ita. Nan take fuskar dillali ta canza. Inji mai zafi yana rufe asirin kansa, wanda ya kwana kuwa ba ya iya ƙarya.

Washegari na zo da makanikinmu, wanda muke biya da kuɗinmu. Kada ka yarda da makanikin da dillali ya kawo, don tare suke cin la'ada. Kafin a murɗa makulli ya ɗora hannu a kan inji, ya ji da sanyi, sannan ya buɗe murfin baƙin mai. A bayan murfin muka ga wani abu kamar kindirmo. Ya ce alama ce ruwa yana iya haɗuwa da mai, watau gaskit ya ƙone. Ya buɗe lagireto, sai ga maiƙo a kan ruwan. Da aka tayar, ya tsaya a bayan salansa. Ku riƙe wannan: shuɗin hayaƙi, inji na cin baƙin mai, baƙin hayaƙi, fetur ya yi yawa, farin hayaƙi mai kauri da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi ɗumi, ruwa ne ke ƙonewa. Namu fari ne, kuma ya ƙi ɗaukewa.

Mita ta nuna kilomita 80,000. Amma robar birki ta suɗe har ƙarfe ya fito, sitiyari ya yi santsi, gefen kujerar direba ya fashe. Mita ana iya mayar da ita baya, ƙafar da ta taka birki shekara da shekaru ba a goge sawunta. Tayoyin ma sun ba da shaida. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2316, an yi ta a mako na 23 na 2016. Tsohuwar taya a motar gudu, ai wasa da rai ne.

Makanikin ya naɗe maganaɗisu a ƙyalle, ya bi jikin motar da shi. Ko'ina yana kamawa, sai a gefen gaba na dama ya faɗi: ciko aka yi aka fesa fenti, ta taɓa yin karo. Ya ɗaga kafet ya sunsuna, saboda tun ambaliyar kogin Ubangi ta Oktoban 2019 muka koyi neman laka da warin ruma a ƙarƙashin kujera. A nan kam ta tsira. Da muka kai ta kan rami a gareji aka haska tocila, sai ga tsatsa ta ci ƙasan. A Turai gishiri ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara, shi ke cin ƙarfe ta inda ido ba ya kaiwa.

Saura takardu. Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce. Ka karanta ta a jikin motar, ɗaya bayan ɗaya, ka gwada da ta kart giris da ta takardar duwan. Mu mazauna nan mun san a rikicin 2013 da 2014 motoci da yawa sun sauya hannu ba da yardar masu su ba. Baƙo kuma shi ake fara tsarewa a shinge. Dillalinmu ya ce takardar duwan tana hannun wani a Garoua-Boulaï, za ta iso. Na ce ba a cinikin biri a sama.

Ko da lafiyarta ƙalau, na tambayi yaron: a wane titi za ka yi gudun? Da damina ramukan unguwarmu sai sun fasa mata kaskon mai. Ba ta ɗaukar dila ɗaya ta atamfa, ba ta ɗaukar amarya da uwarta. Kayan gyaran Toyota kana iya samu a kusa, nata kuwa sai an aika Duwala, tafiyar kusan kilomita 1,400, ko ma Turai, ta yi wata biyu a gareji tana shan ƙura.

Kwana uku bai gaishe ni da fara'a ba. Uwarsa ma ta bugo daga gida, wai na hana ɗanta abin da ransa ke so. Na ce: "Yaya, ki yi haƙuri, tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya." A rana ta huɗu ya shigo shago da lissafin gyaran da makaniki ya rubuta masa, ya ajiye a gabana, ya ce: "Baffa, yaushe za mu yi odar kayan?"

Ban ce kada matashi ya hau abin da yake sha'awa ba. Ya tara daga riba, ya bar jari ya kwana lafiya, kuma ranar saye ya je da sassafe da makanikinsa da tocilarsa.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka. Sai mako mai zuwa, in sha Allahu.