Makanikai Ne Suka Ci, Ko Direba?

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an idar da sallar isha'i, muka taru a zauren wani aminina kamar yadda muka saba, ana kurɓar shayi ana bitar tseren motocin Formula 1 da muka kalla da la'asar, sai mai gidan, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana tuƙa babbar mota kafin ya ajiye sitiyari, ya buga cinya ya ce shi kam ya daina ganin tsere a cikin wannan al'amari, domin wanda ya zo na ɗaya bai wuce kowa a kan kwalta ba, sai dai a bakin gareji, sa'ad da abokin karawarsa ke tsaye ana sauya masa taya. "Malam," in ji shi, "makanikai ne suka ci, su da masu kwamfuta. Direba ɗan aike ne kawai." Na yi shiru a daren, saboda ba a ja da mai gida a kan tabarmarsa, amma na yi alkawarin kawo mas'alar wannan fili, ga shi kuwa Allah ya nufa.

Adalci ya wajabta a fara da hujjarsa, domin tana da ƙarfi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban mai faci yana jira a kwance masa taya guda, zai zaci sihiri ne idan ya ga abin da ke gudana a layin gareji: mota ta shigo ta tsaya cak a kan alamar da aka zana mata, mutum wajen ashirin suna durƙushe suna jiranta, wani ya ɗaga ta da jak ta gaba wani ta baya, kowace taya kuma da mutum uku a kanta, mai kwance noti da bindigar iska, mai zare tsohuwa, da mai cusa sabuwa, kafin mai kallo ya ƙifta ido sau biyu an dire ta ƙasa ta fice. A Katar, a 2023, ma'aikatan McLaren sun gama wannan aiki duka a motar Lando Norris cikin daƙiƙa 1.80. To amma shiga layin da fitowa, bisa iyakar gudun da aka ƙayyade, wadda galibi kilomita 80 ce a sa'a, kan ci wa direba daƙiƙa ashirin da ɗoriya, saboda haka sanin yaushe za a tsaya, da sau nawa, da irin tayar da za a fita da ita, ya zama fanni mai zaman kansa da malamansa. Wanda ya riga shiga gareji ya fito da sabuwar taya mai kama kwalta, yakan ci tazara a zagaye ɗaya ko biyu, ta yadda idan na gabansa ya shiga ya fito sai ya tsinci kansa a baya, ba tare da motocin biyu sun taɓa yin kafaɗa da kafaɗa ba.

Da aminina ya so ƙarin dalili, da na ara masa na Abu Dabi a 2010. Fernando Alonso ya shiga tseren ƙarshe na shekarar yana gaba a maki, sai masu lissafin Ferrari suka kira shi gareji da wuri domin ya tsare Mark Webber, suka manta da Sebastian Vettel da ke can gaba, Alonso ya fito ya tarar da Vitaly Petrov a gabansa, ya bi shi wajen zagaye arba'in bai sami ƙofa ba, ya gama na bakwai, Vettel ya ɗauke kambun da tazarar maki huɗu. Shawara guda da aka yanke a gaban allon kwamfuta ta rushe wahalar shekara.

Duk da haka ina ganin aminina ya cakuɗa mas'aloli biyu waɗanda hukuncinsu ya bambanta, wato tadabirin tsayawa a gareji, da na'urorin da ke tuƙi tare da direba, kuma wanda ya auna ɗaya da ɗaya ya yi ƙiyasi inda babu kama.

Ita dabarar gareji ba bidi'ar wannan zamani ba ce, kuma tseren da masana tarihi suka fi ambata a matsayin kololuwar gwanintar ɗan Adam a bayan sitiyari, daga gare ta ya samo asali. Ranar 4 ga Agusta 1957, a Nürburgring ta ƙasar Jamus, inda zagaye guda ya haura kilomita 22 a cikin daji da tuddai, Juan Manuel Fangio ɗan Ajantina, yana da shekara 46, ya tashi da Maserati ɗinsa da rabin tankin mai domin motar ta yi sauƙi, da niyyar tsayawa a tsakiyar tsere, alhali Mike Hawthorn da Peter Collins na Ferrari sun cika tankunansu ba za su tsaya ba. Ya shigo gareji yana gaba da kusan daƙiƙa 30, sai ƙaddara ta gifta, notin taya ya kuɓuce wa makanike ya gangara ƙarƙashin mota, kafin a lalubo shi a ɗaure, Fangio ya koma baya da wajen daƙiƙa 50. A cikin zagaye goma da suka rage masa ya riƙa karya tarihin gudun filin yana sake karyawa, har ya yi zagaye guda cikin minti 9 da daƙiƙa 17.4, wanda ya ɗara abin da shi kansa ya yi a ranar gwaji da wajen daƙiƙa takwas, ya wuce mutum biyun ana saura zagaye ɗaya, ya isa tuta da tazarar daƙiƙa 3.6. A ranar ya tabbatar da kambunsa na biyar, ita ce kuma nasararsa ta ƙarshe a gasar. Shin wa zai ce makanikai ne suka ci wannan?

Bayan shekara 41, a Hungari a 1998, Ross Brawn, mai tsara wa Ferrari dabara, ya ga direbansa Michael Schumacher ya maƙale a bayan motocin McLaren biyu a filin da wucewa ke da wuya, sai ya sauya masa tsari zuwa tsayawa uku, ya sanar da shi ta rediyo cewa lalle ya samo kusan daƙiƙa 25 a cikin zagaye 19. Brawn ya yi lissafi, amma lissafin nan takarda ce kurum da ba a sami mutumin da zai tuƙa zagaye goma sha tara a jere kamar kowanne shi ne na ƙarshe ba. A nan ne ma'anar take a wurina: dabarar gareji bashi ce da masu shawara ke ciyowa da sunan direba, shi kuwa a kan kwalta zai biya, da ƙafarsa da hannunsa, kuma idan bashin ya fi ƙarfinsa kowa zai gani. Shura ba ta taɓa rage darajar jarumi ba, tun da bayan an tashi daga majalisa shi ne mai fita fage.

Amma na'urorin taimako, nan kam ina tare da aminina. Wanda duk ya tuƙa mota a kan laka da damina ya san wannan lokaci da taya ke fara juyawa a banza, bayan mota na neman zamewa, sai ƙafa ta sassauta totur da gwargwadon da baki ba ya iya faɗa, gwargwadon da jiki ne ya haddace shi bayan shekaru. Motar tsere mai ƙarfin doki ɗaruruwa haka take yi wa direbanta a mafitar kowace kwana. Na'urar hana zamewa takan auna juyawar tayoyi, da zarar na baya sun fara santsi sai ta rage wa injin ƙarfi da kanta, har ya zama direba na iya take totur ƙasa ya bar wa kwamfuta sauran ijtihadin. Da irin wannan na'ura, haɗe da wata mai daidaita tsayin mota daga ƙasa a kowane lungu, Williams ta fito a 1992, Nigel Mansell ya ci tsere 9 cikin 16. Hukumar gasar ta haramta su daga 1994, ta halatta ta hana zamewa a 2001 saboda ta gaza gane mai yi a ɓoye, sannan ta sake haramta ta a 2008, bayan ta wajabta wa kowa kwamfutar injin iri ɗaya. Wannan kai da komo kansa shaida ne cewa hukumar ta san akwai abin da ake sacewa daga hannun direba.

Mai jayayya zai kawo mini Donington ta Ingila a 1993, inda Ayrton Senna ɗan Burazil, a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, ya faɗo na biyar a farkon tashi, ya wuce Schumacher da Karl Wendlinger da Damon Hill da Alain Prost kafin zagayen farko ya cika, alhali motarsa ta McLaren na ɗauke da na'urar hana zamewa. Na karɓi wannan, domin na'ura ba ta kashe baiwa. Illarta ita ce takan ɗaga mai rauni ta kusantar da shi ga gwani, ta ɓoye wa mai kallo tazarar da ke tsakaninsu, sai irin su Senna kaɗai ke iya bayyana ta bayan labulen. Dubi Silverstone a 2008, shekarar farko da aka cire ta, yadda ruwan sama ya tona asirin kowa: Lewis Hamilton ya ci da tazarar fiye da minti guda, Felipe Massa kuwa, wanda maki ɗaya tak ya raba su a ƙarshen shekarar, sau biyar motarsa tana juyawa da shi. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, ita kuwa na'ura miya ce da ba ta ƙarewa.

Mizanin da nake auna kowace sabuwar doka da shi ke nan: idan ta ɗora wa direba amanar da zai iya cikawa ko ya gaza, maraba da ita, idan kuwa ta ɗauke masa yiwuwar kuskure, to ta ɗauke masa rabin ladan daidai. Da wannan mizani ne ban taɓa sakin jiki da fiffiken bayan nan da aka yi amfani da shi daga 2011 zuwa 2025 ba, wanda a lokacin yake buɗewa ga mai bin wani da tazarar da ba ta kai daƙiƙa guda ba, ya ƙara masa gudu a miƙaƙƙiyar hanya, domin maganin ciwon Alonso da Petrov aka nema, sai wucewa ta yi araha har ta rage daɗi. Haka kuma dokar da ta tilasta tsayawa biyu a Monako a 2025, wadda ta sa wasu ƙungiyoyi suka umarci direba ɗaya ya yi ta jan jiki yana tare hanya domin abokinsa ya sami sararin shiga gareji. Can kam dabara ta tashi daga tadabiri ta koma hila, kuma da aminina ya kafa hujja da wannan rana, da ban ce uffan ba.

Lahadi mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan koma zauren, kuma na san zai tarbe ni da wannan shafi a hannu. Tambaya ɗaya zan yi masa: a shekarun da yake kan hanya, mai mota ne ke faɗa masa inda zai sha mai da inda zai kwana, yaran mota ne ke ɗaure masa taya, to a ranar da ruwa ya tsuge a gangare, kaya maƙil a baya, birki ya fara wari, wa ya sauko da motar lafiya? In ya ce shi ɗan aike ne a ranar, na janye maganata, kuma kuɗin shayin makon a kaina.